Sunan da Auta Ya Sa wa Na'ura

Auta ya riga ya naɗe kayan aikinsa zai tafi gida, sai yayansa ya kira shi a waya. Wai ofishin da ya kama a saman bene ba intanet, ga ma'aikata za su tare gobe, ya taimaka ya je ya ɗaura masa na'urar waifai kafin duhu ya yi. Makulli yana ƙarƙashin tukunyar fulawa.

Auta ba ya iya ce wa Yaya a'a. Yaya ne ya goya shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aikin nan da yake ci da shi. Ga shi kuma 'yan watannin nan mutumin ya zube, sai ido da ƙashin wuya. Ba ya barci. Ana cikin hira sai ya zabura ya waiwaya baya, alhali ba wanda ya kira shi. Wa zai ga ɗan'uwansa a haka ya tsaya ƙorafin gajiya?

"Wane suna zan sa mata, Yaya?"

"Sa naka kawai, yadda ka saba. Cikakke fa. Gobe ma canza."

Kowace na'urar waifai sai an sa mata suna. Sunan nan take shelantawa a iska ba dare ba rana, shi ne wanda mutum yake gani idan ya buɗe wayarsa. Auta kuwa akwai son a san shi. In mai gida ba ya nan, sunansa na gaskiya yake dannawa, wanda ko a gida ba a kiransa da shi, wai talla ce kyauta. Yaya ya sha yi masa dariya a kan haka.

Rana tana gab da faɗuwa ya isa. Shagunan ƙasa duk an ja ƙofofinsu. Matattakalar tana warin siminti mai laima, ofishin kuma yana warin tsohon turare da wani abu kamar gashi da ya ƙone. Ba tebur, ba kujera. Ma'aikatan da za su tare gobe a kan me za su zauna? Ya ce a ransa wannan matsalar Yaya ce.

Ya kafa tsani a tsakiyar baranda, inda sabis zai kai kowane ɗaki. Da ya ɗaga allon silin don ya zura kebul, hannunsa ya taɓa roba. Wata tsohuwar na'ura ce, an farfasa ta da guduma, an datse wayarta da wuƙa, an naɗe ta da jan ƙyalle. Ya tura ta gefe. Masu haya ba abin da ba sa bari.

Ya ɗaura tasa, ya jona kebul, ya sa ta a soket. Ƙananan fitilunta suka fara ƙyaftawa. Ya sauko ya buɗe wayarsa don ya shiga ya saita ta, sai ya ga wani waifai ɗin a jere da nasa.

Cikakken sunan Yaya ne, sabis ɗinsa a cike.

Ya ɗaga kai ya dubi silin. Farfasasshiyar na'ura ba ta ba da sabis, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ya ce wataƙila wayar ce ta riƙe tsohon abu. Ya rubuta sunansa, ya sa lambar sirri, ya danna ajiye. Na'urar ta mutu, ta sake tashi, fitilarta ta zama kore.

Sunansa ya fito. Na Yaya ya ɓace.

A lokacin ya lura titi ya yi shiru. Ba hon, ba kukan inji. Famfon banɗaki da ke ta ɗiga tun shigowarsa ya tsaya.

Daga ɗakin ƙarshe aka kira shi. Cikakken sunansa, a hankali, da muryar Yaya.

Na'am ɗin ta zo har bakin leɓensa. Ya haɗiye ta. Tunda yake, Yaya bai taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Aka sake kira. Yanzu daga ɗakin da ke kusa.

Warin gashin ya cika barandar. Ƙofar ɗakin ta motsa kaɗan. Ya ji tafiya, ƙafa ba takalmi a kan tayil, tana mannewa tana ɓanɓarewa.

Ya fizge wayar na'urar daga soket.

Fitilar tana nan kore.

"Amsa mana," aka raɗa a bayan kunnensa. Numfashin sanyi ƙarara. "Kai ka kira."

Bai waiwaya ba. Ya toshe bakinsa da tafin hannu, yana addu'a a zuci, ya nufi matattakala. Tsani ya faɗi a bayansa. Wani abu ya kama wuyan rigarsa, ya ji yatsu dogaye, masu gaɓoɓi fiye da kima. Ya sulale ya bar masa rigar. Rabin matattakalar da gwiwa ya sauko.

Ya faɗo titi. Hayaniyar motoci ta dawo masa lokaci guda.

A tsallaken titi motar Yaya ce a fake, fitilu a kashe. Yaya yana ciki, ya ƙura wa tagar benen ido. Da ya ga Auta ba riga, gwiwa tana jini, bai ko buɗe ƙofa ba. Gilas kawai ya sauke kaɗan.

"Ka sa sunan?"

Auta ya tsaya yana kallonsa. Tsoron ma sai ya ja baya, baƙin ciki ya maye gurbinsa. Wato ba ma'aikata, ba gobe. Wato yana zaune a nan tun ɗazu, yana jira.

"Ka sani, Yaya."

"Auta, ina da yara." Yaya ya kau da kai. "Tun ranar da na sa nawa abin nan yake bina. Na fasa na'urar, bai bari ba. Aka ce sai wani ya rubuta nasa da hannunsa, kuma sai jinina. Kai ba ka da iyali tukuna. Ka amsa?"

"Ban amsa ba."

"To kar ka amsa, in ka amsa ka tafi kenan. Ka daure kawai. In ka haihu, ko cikin 'ya'yan..." Ya katse maganar, don ya ga idon ƙaninsa.

Auta ya juya ya kama hanyar gida a ƙafa. Yaya yana ta kiransa ta gilas, bai waiwaya ba.

Yaya ya murmure. Kumatu sun dawo, har da tumbi, mahaifiyarsu kullum tana godiya ga Allah da ya yaye masa. Auta bai gaya mata komai ba. Yana nan yana aikinsa, sai dai yanzu lambobi yake sa wa na'urorin mutane, kuma ba ya yarda mai gida ya sa sunan kowa. Ya canza waya, ya canza layi, ya canza ɗaki. Duk inda ya buɗe waifai sunansa yana nan a sama, sabis a cike.

Idan an taru a gidan mahaifiyarsu, Yaya yakan kira shi daga bayansa, wani lokacin har da kuka a muryarsa. Auta ba ya amsawa. 'Yan'uwa suna cewa yaron nan ya fiye riƙo, me yayansa ya yi masa haka da zafi? Riƙon yana nan, ba ƙarya suka yi ba. Amma ko da ya huce ba zai iya amsawa ba, don abin ya koyi cewa "Auta" yanzu, kuma muryarsa da ta Yaya ɗaya ce.