Kwali Uku a Bodar Kanada

Awa bakwai Tahiratu ta yi a tsaye ranar da ta fara ganinsa. A kantin duty-free na filin jirgin JFK da ke New York take aiki, inda matafiya ke sayen kaya ba tare da haraji ba, ita ce a ɓangaren turare. Ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi, hancinta ya daina bambance ƙamshi tun azahar, murmushin ma na dole take yi.

Wani dogon saurayi ya tsaya gaban kantarta da waya a kunne. Ta ji yana cewa, "To wane iri Inna take so? Ni fa ban san kan turaren mata ba."

Ba ta san lokacin da ta ce da Hausa, "Shekarunta nawa?" ba.

Ya sauke wayar yana kallonta, kamar wanda ya ga ƙanwarsa a inda bai zata ba.

"Ta haura saba'in. Ba ta da lafiya ne, shi ya sa zan je gida. Shekara shida ban gan ta ba."

Ta zaɓo masa mai sanyin ƙamshi, ta fesa a 'yar takarda ta miƙa masa. Ya ce a ba shi biyar. Ta ɗaga gira.

"Biyar? Ka san kowace ƙasa da iyakar abin da ake shiga da shi. Kwastan za su iya tare ka."

"Kwastan ɗinmu, 'yan duwan? Idan na ce na tsohuwa ne za su bar ni."

Dariya ta kama ta, ta farko tun safe. A jikin tikitinsa ta ga sunan: Mu'awiya. Ya ce shi ɗan Damagaram ne, direba ne, a unguwar University Heights da ke Bronx yake zaune. Ta ce ita 'yar Zangon Kumasi ce ta Gana, amma a unguwar Tompkinsville da ke Staten Island ta girma. Ta liƙe masa ledar, ta ce kada ya buɗe sai ya sauka, ya yi godiya ya tafi.

Bayan wata guda da kwanaki, ta tashi daga aiki da yamma, sai ta gan shi a bakin ƙofar fita yana jiran fasinja. Ya rame. Ta tambayi jikin Inna.

"Ta rasu," ya ce. "Kwana tara na samu tare da ita. Ta shafa turarenki ranar Juma'a, ta ce wanda ya zaɓa yana da hankali."

Tahiratu ta yi wa Inna addu'a. Fasinjan nasa bai zo ba, jirgin ya yi latti, sai ya ce ta shigo ya rage mata hanya. Kullum awa biyu take yi kafin ta isa gida: jirgin ƙasa sau biyu, sannan jirgin ruwa zuwa Staten Island, sannan ta taka. Ranar ta zauna a kujera mai laushi, kafin su fita daga Queens barci ya ɗauke ta. Bai tashe ta ba sai a bakin tashar jirgin ruwa.

Haka abin ya fara. Ba su da lokacin zance irin na mutane, sai abin da suka sata tsakanin aiki da aiki. Saƙonni suka riƙe soyayyar.

"Hajiyar turare, kin samu wurin zama a jirgi yau?"

"Ban samu ba, ɗan Damagaram. Amma saƙonka ya rage mini gajiya."

"Tahi, ni ba ni da komai sai mota da niyya mai kyau. Idan kin yarda, ina so in turo manya."

Ta karanta wannan sau uku a tsakiyar ruwa, sanyi na dukan fuskarta, kafin ta rubuta: "Na yarda, sanyin idona. Sai dai ka shirya wa Baaba."

Baaba, wato Alhaji Yussif mahaifinta, shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa tasi a birnin nan, har bayansa ya ƙi miƙewa. Da ta faɗa masa, bai ko ɗago daga shayinsa ba.

"Direba? Tambayi uwarki sau nawa ta ci abinci da ni kuna yara. Ban kawo ki ƙasar nan don ki auri irin rayuwata ba."

Mma Rahina, mahaifiyarta, tana da nata gwanin: Ammar, ɗan ƙawarta, mai aiki a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Yaro ne mai ladabi, yana tashi aiki ƙarfe biyar, yana zuwa gaisuwa da ledar 'ya'yan itace. Tahiratu ba ta ga laifinsa ba, zuciyarta ce kawai ba ta motsa idan ya shigo.

Wata biyu tana lallashi kafin Baaba ya sassauto. Ya ce Mu'awiya ya zo da manyansa ranar Lahadi bayan la'asar, zai gan su, amma bai yi alkawarin komai ba.

A makon ne kamfanin da Mu'awiya ke wa tuƙi ya ba shi aiki: ya kai wasu matasa takwas wani dutse a Kanada, inda ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya dawo da su Lahadi.

"Kada ka karɓa," ta ce masa a waya. "Wannan Lahadin fa ce."

"Idan na ƙi, ba za su sake kirana ba, Tahi. Da asuba za mu taso. Kafin azahar ta wuce ina New York, in sha Allahu."

Ranar Lahadi Mma ta dafa shinkafa da wake irin na Kumasi, aka share falo, Baaba ya sa farar riga ya gayyato limamin unguwa. Dattawa biyu 'yan Nijar suka iso daga Bronx da goro, suka zauna jiran ɗansu. Aka yi la'asar. Aka sha shayi zagaye biyu. Tahiratu ta kira wayarsa sau goma sha ɗaya, tana kashe. Da aka kira magariba dattawan suka miƙe suna ba da haƙuri, kunya ta hana su haɗa ido da kowa.

Washegari hoton ya zo. Ɗaya daga cikin matasan ne ya saka a shafinsa, ya zaga har ya shigo zauren WhatsApp na matan Zango, ƙanwar Ammar ta turo wa Mma. Ga Mu'awiya nan a bakin boda, rungume da kwalin giya, jami'in kwastan na tsaye a gefensa.

Baaba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ajiye wayar a hankali.

"Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Tahi, sun riƙe mu awa shida, sun hana mu taɓa waya. Ki bari in yi miki bayani."

"Wallahi ba nawa ba ne."

"Ko ba za ki aure ni ba, kada ki tafi da wannan zaton a kaina."

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ba wai ta gaskata yana sha ba ne, gajiya ce ta yi mata yawa. Ta gaji da kare shi, ta gaji da kallon da mata ke mata a shagon kayan miya, ta gaji da tuna fuskar Baaba cikin farar riga yana duba agogo. Ammar ya zo sau biyu a makon. Ta zauna ta saurare shi, har ta fara tunanin wataƙila rayuwa mai sauƙi ba laifi ba ce.

Kwana tara a haka. A rana ta goma ta iso tashar jirgin ruwa da yamma, sai ta gan shi tsaye bakin ƙofa, ba mota, hannunsa riƙe da ambulan.

"Ba zan tsare ki ba," ya ce. "Ki karanta kawai. Ke kin san irin takardun nan fiye da ni."

Ta karɓa. Shi ma ya shiga jirgin, ya zauna can nesa da ita.

Kwafin takardar kwastan ce. Kwali uku na giya, an saye su a kantin duty-free na bakin boda, an tura su ƙarƙashin jakunkunan kayan zamiya. Ta san dokar kamar sunanta, kullum tana faɗa wa matafiya: lita guda ce ake yafe wa mutum ɗaya, abin da ya wuce haka sai ka bayyana ka biya. Sunaye uku ne a jikin tarar, babu nasa. A ƙasa jami'in ya rubuta cewa direba ne ya ba da bayani da kansa.

Ta tashi ta je ta zauna kusa da shi.

"Kai ka faɗa musu?"

"Na tsaya yin alwala, su suka shiga kantin. Da muka iso gaban jami'in duk suka ce ba su sayi komai ba. Ya juyo ya tambaye ni. Na ce na ga an loda kwalaye a baya, ban san abin da ke ciki ba." Ya murza idanunsa. "Shi ya ce in sauke su. Lokacin aka ɗauki hoton."

"Ina motarka?"

"Yaran sun kai ƙarata, sun ce na tona musu asiri. Kamfani ya karɓi makullinsa."

Hawaye suka zubo mata. "Me ya sa ba ka yi shiru ba kawai?"

"Zan je gaban mahaifinki neman aure a ranar. Ban so in fara ranar da ƙarya ba."

Da ta isa gida ta samu Baaba a falo, ta durƙusa ta ajiye takardar a gabansa, ta karanta masa layi-layi. Ya saurara, fuskarsa ba ta sauya ba.

"Duk da haka, ya ɗauki giya da hannunsa, duniya ta gani."

"Baaba, ku gafarce ni," ta ce. "Rabin kantin da nake aiki kwalabe ne. Idan abokiyar aikina ta tafi cin abinci, ni nake tsaya mata. Ba na so, na nemi a canza ni ba a yi ba. Da wani ya ɗauke ni hoto a lokacin, me za ku ce a kaina?"

Mma ta ce, "Ei, Tahiratu!"

Baaba ya ɗaga mata hannu. Daga baya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni ma na ɗauki mutane iri-iri a bayan motata. Ban taɓa tambayar abin da ke cikin ledarsu ba." Ya ninke takardar. "Ki ce ya zo gobe. Shi kaɗai."

Washegari Baaba da Mu'awiya suka yi awa biyu a ɗaki. Tahiratu na kicin tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Da suka fito, Baaba ya ce wa Mma, "Yaron nan ba shi da aiki, ba shi da mota, kuma bai ɓoye mini ko ɗaya ba. Na ba shi wata uku ya tsaya da ƙafarsa."

Cikin mako shida Mu'awiya ya samu tuƙin motar da ke kai tsofaffi asibiti, aikin safe zuwa yamma. Ammar da kansa ya zo ya ce wa Mma ya janye, ya kuma ba da haƙuri kan hoton da ƙanwarsa ta yaɗa. Mma ta yi kwana biyu tana ƙunci, a na uku ta fara kiran Kumasi kan maganar atamfa.

An ɗaura auren a watan Yuni, ranar Asabar da hantsi, a ƙaramin masallacin unguwarsu. Dattawan nan biyu suka dawo da sabon goro, wannan karon ango na gabansu tun kafin a buɗe ƙofa. 'Yan Gana da 'yan Nijar suka cika titi, kowa na gyara wa ɗan'uwansa Hausa.

Kafin a tafi da amarya, Baaba ya sa aka kira su biyun. Ya riƙe hannun 'yarsa.

"Garin nan yana cinye mutum," ya ce. "Za ku gaji, wani lokacin har ku rasa bakin yi wa juna sannu. Ku yi ta duk da haka. Mu'awiya, ga amana nan."

"Na karɓa, Baba. Allah Ya ba ni ikon riƙewa."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, Ya sa ku tsufa tare."

Falon ya amsa da amin. Tahiratu ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta tana kuka, shi kuma ya juya fuska wajen taga don kada a ga nasa. Mma ce ta ɗago ta, ta gyara mata mayafi, ta kama hannunta har bakin ƙofa, inda mijinta ke tsaye yana jiranta.