Sunan da Aka Liƙa

Da la'asar sakaliya Deraman ya fito da tsohuwar kyamararsa, wai zai ɗauki 'yarsa Salmiah hoto kafin ta tafi makarantar koyon jinya a birnin Kota Bharu. Kyamarar ta girmi yarinyar. A goshin kyamarar akwai ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan kantin da ya sayar da ita, kantin da ya rufe tun tuni. Deraman kuwa akwai nawa. Yana ta murɗe-murɗe har rana ta faɗa bayan itatuwan kwakwa.

"Magariba fa ta yi, ku shigo," in ji matarsa Mek Yah daga kan matakala.

Yarinyar ta juya. Sai kakarta, wadda tsufa ya fara ruɗawa, ta ɗaga murya: "Rokiah! Tsaya a ɗauke ki mana!"

Deraman ya danna.

Rokiah shi ne sunan yarinyar na yanka. Tana jaririya ciwo ya ƙi sakinta, sai aka yi abin da aka saba, aka sauya mata suna don abin da ke bin ta ya ɓata hanya. Ta warke. Ba a ƙara furta sunan ba, ita kanta ba ta san shi ba.

Kafin a idar da salla dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi. Haka kowace magariba: jifa, sannan wata murya daga ƙarƙashin gidan, wanda aka ɗora a kan dirkoki, tana kiran tsohon sunan a hankali. Ran da Salmiah ta amsa, abin ya hau kanta, maza huɗu suka kasa danne ta.

Aka ɗauko Tok Senik, tsohon mai maganin aljanu. Ya kunna turare, ya yi karatu har muryarsa ta dushe.

"Wane ne kai? Me kake nema?"

Yarinyar ta yi dariya da muryar da ba tata ba. "Kayana. Na neme ta har na gaji, aka ce babu ita." Ta jawo kyamarar, ta sa farce ta ɓamɓare ƙarfen nan. A ƙarƙashinsa ga sunan waɗanda suka ƙera ta, fes. "Mai kanti ya liƙa nasa, amma cikin na wa? Haka kuka yi mini."

Tok Senik ya yi tayin baƙar kaza da shinkafa mai kurkum. Aka ƙi. Ya ƙara akuya.

"Zan fita," in ji muryar, "amma da Rokiah zan tafi. Ku riƙe Salmiah."

Tsohon ya ɗaga hannu kada kowa ya tanka. Ina! Deraman, bawan Allah, ya riga ya buɗe baki.

"Tafi da ita! Ba mu da wata Rokiah a gidan nan!"

Tok Senik ya runtse ido. "Kaico, ɗana. Wa ka haifa?"

Jifa ya tsaya daga ranar. Yarinyar ta farka, ba ciwo, ba ihu. In an ba ta abinci ta ci, in an zaunar da ita ta zauna. Ba ta san kowa ba.

Deraman ya mayar da ƙarfen ya liƙe, amma ya ƙi kai fim ɗin a wanke. Mek Yah kuwa, abin tausayi, kullum da magariba takan durƙusa gaban 'yarta ta kira Salmiah. Sai ta waiga, ta sassauta murya, ta kira ɗayan sunan.