Littafin Ticha Abdulai a Cikin Ƙosai

Da hantsi Ticha Abdulai ya faɗo ofishin 'yan sanda, gumi har wuya. An sace masa littafin da ya shekara tara yana rubutawa da hannu, kuma kwafi ɗaya ne tak a duniya.

"Littafin mene ne?" in ji Sufeto Abdul-Karim.

"Na jimlolin sharaɗi a Turanci, Sufeto. Yadda ake faɗin 'idan' da 'da a ce' a baki, da yadda ake rubuta su. Jibi zan kai wa masu bugawa."

Ticha yana koyar da manya Turanci bayan la'asar a wani ɗaki a unguwar Maamobi. Mutum ne da bai iya gyara kuskure ba sai ya haɗa da dariya.

Sufeto ya je ya duba ɗakin, inda Ticha ke ajiye littafin. Ba a fasa kwado ba, ga rediyo ga fanka ba a taɓa ba. Wanda ya shigo ba abin sayarwa ya zo nema ba.

Mabuɗi na biyu yana hannun Mulikatu, shugabar aji.

"Ban ba kowa ba, wallahi," in ji ta.

"Wa ya yi shara jiya?"

Ta murza gefen gyale. "Mma Sanatu, 'yar ajinmu, mai ƙosai a unguwar Kawukudi. Ita ta roƙi mabuɗin."

Sufeto ya tafi Kawukudi ya shiga layi kamar kowa. Ƙosan da aka miƙo masa a naɗe yake cikin takarda mai rubutun hannu da jan biro. Shafi na ɗari da sha biyu, mai ya jiƙa shi sharkaf.

"Mma, ina kika samo takardar nan?"

"A kasuwa na saya."

"Mulikatu ta ce ke kika karɓi mabuɗi."

Mma Sanatu ta ajiye matsami. Ko alamar tsoro babu a fuskarta. Ana haka Ticha, da ya biyo sawun Sufeto, ya iso yana haki.

"To, ni ce na ɗauka," ta ce. "Shi ya ce kowa ya rubuta jimla kan abin da ya wuce wanda ba ya dawowa. Ni ma na rubuta tawa: da ban bar ɗana Shamsudeen ya bi hanyar Libiya ba, da yanzu yana da rai. Ya karanta gaban aji, ya ce Turancina ya karye wuri uku, aka yi ta dariya. Bai tsaya nan ba, ya sa cikin littafinshi, da sunana, wai misalin kuskure."

"Misali ne kawai, Mma!" in ji Ticha.

"Ɗana ne."

Ran Sufeto ya ɓaci da malamin fiye da ɓarauniyar, amma sata sata ce. Ya ce ta kashe wuta ta biyo shi.

Ticha ya riƙe gefen teburin ƙosai. "Sauran fa? Shafi ɗari huɗu ne. Ina sauran?"

Mma Sanatu ta gyara ɗaurin zane, ta dube shi sama da ƙasa.

"Jiya da yau ciniki ya yi kyau, Ticha. Shafin da na naɗe wa Sufeto shi ne na ƙarshe."

Ta wuce gaba zuwa motar 'yan sanda, ba wanda ya riƙe mata hannu.