Randar Inna

Idan mutum ya yi ƙarya don kada zuciyar wanda yake so ta fashe, wane mala'ika ne yake rubuta masa ita, na dama ko na hagu? Shekara uku Mikail yana kwana yana tashi da wannan tambaya, bai sami amsa ba. Da wuya ma a sami mai amsar.

Ranar da tambayar ta fito fili kuwa, aikin kicin ne ya tono ta.

Gidansu na gado ne a unguwar Madabo, can cikin lungu. Tsohon madafin da mahaifiyarsa, Inna Uwani, ta yi shekara arba'in tana shaƙar hayaƙi a ciki, shi ya sa aka rushe, aka tayar da na bulo saboda matarsa Nana Khadija. An shimfiɗa tayil. Kafinta ya kafa fararen kabad a jikin bango, ko ledarsu ba a ɓare ba. A tsakiyar ɗakin ga wani dogon teburi mai durowoyi, an huda samansa inda za a zaunar da kwamin wanke-wanke.

Ɗahiru mai aikin famfo ya tsuguna a ƙofar kicin ɗin, ya kanne ido ɗaya yana duban tsakar gida.

"Malam Mikail, ruwa ba ya hawa tudu. Gidan nan duk gangarensa can ya nufa, wajen rariya. Daga teburin nan zan ja fayif miƙe, ya bi ta ƙasa ya faɗa kwata. Randar can kawai za a ɗage min."

Mikail ya waiwaya da sauri ya dubi randar.

Randar tana kusurwar gidan, dab da rariya, baƙa ce, gindinta ya yi gansakuka. Ba mai shan ruwanta tun da aka sayi firij. Amma kullum a cike take, ƙasan wurin kullum da danshi.

Inna tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Randa ba ta ɗaguwa."

"Hajiya, na wuni ɗaya ne fa," in ji Ɗahiru yana dariya. "In na binne fayif sai a mayar miki da abarki."

"Ɗan nan, kai da kunnenka. Na ce ba ta ɗaguwa." Ta juya wajen surukarta. "Nana, gwiwar nan ta hana ni sakat. Zuba min bokiti biyu a ciki."

Nana tana tsaye da tsintsiya a hannu. Shekara shida tana gidan, ba ta taɓa tsallake maganar Inna ba. Yau sai ta jingine tsintsiyar, ta shige ɗaki.

Mikail ya bi ta.

"Nana..."

"Ba zan zuba ba!" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Wallahi na gama zuba ruwa a randar da ko akuya ba ta sha. Me na yi wa Inna? Tun da aka fara aikin nan ba ta taɓa cewa Allah ya sa albarka ba. Baƙin ciki take an rushe mata murhu?"

"Ba haka ba ne, Nanata."

"To yaya ne? Faɗa min!"

Ya kawar da kai, ya dubi tsakar gida.

Shekara uku da suka wuce Nana ta yi naƙudar kwana biyu a asibiti. Mace ta haifa, ba rai. Tun cikin yana wata bakwai suka yanke za a saka mata sunan Inna, a riƙa ce mata Ummi, har Nana ta fara kiransa Abban Ummi tana rufe fuska don kunya. Aka miƙo masa jaririyar a naɗe cikin zani, uwar kuwa tana kwance ba ta san inda kanta yake ba.

Da la'asar ya iso gida da jaririyar. Ƙanin mahaifinsa, Baffa Gwadabe, ya ce a gidan nan tun kaka da kakanni ba a fita da jariri, a cikin gida ake rufe shi. Inna ta nuna kusurwar bakin rariya da hannu.

"Ga yayyenka biyu nan kwance. Ba za ta yi kaɗaici ba."

Baffa ya haƙa, Mikail ya sa ta da hannunsa, aka kifa rabin tukunya, aka mayar da ƙasa. Inna ta jawo randarta ta ɗora a kai. Ta ce randa tana tsatsafo, ƙasar za ta dinga sanyi.

Sannan ta kama hannunsa.

"Kada ka gaya wa yarinyar nan. Ni da na san inda nawa suke, wata biyar na yi ina zaune a wurin nan, har aka fara cewa na taɓu. Ita ba ta kai ni tauri ba."

Ranar da Nana ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya ke nan.

"Ina kuka kai min ita?"

Ya dubi fuskarta, fara fat kamar takarda. "Maƙabarta," ya ce.

Daga ranar ba ta sake ce masa Abban Ummi ba. Ciki kuma bai sake zuwa ba. Duk sanda suka wuce ta jikin katangar maƙabarta a adaidaita sahu, sai ta sa direba ya rage gudu, ta ɗaga hannu ta yi sallama, ta ce a hankali, "Ummina, ga Mama." Shi kuwa ya kawar da kai yana kallon titi.

Girki ne kaɗai abin da yake dawo mata da fara'a. Shi ya sa ya ce zai yi mata kicin irin wanda take nuna masa a waya. Da kansa ya auna, ya tsayar da bangon nesa da randar. Bai taɓa tuna cewa ruwa sai ya sami mafita ba.

Washegarin rigimar randar, Mikail ya ja Ɗahiru soro.

"Babu wata hanya?"

"Akwai. A cire wurin wanke-wanken daga tebur, a mayar da shi jikin bango ta ɓangaren lungu. Sai dai uwargida za ta dinga wanke-wanke tana kallon bango."

Da ya kai wa Nana maganar, tana ninke kaya. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ka manta ke nan?"

"Me na manta, abar ƙaunata?"

"Muna amarci na ce maka ina so in dinga wanke-wanke ina kallon tsakar gida, in ga yarana suna wasa. Ka yi dariya ka ce in Allah ya hore maka sai ka yi min." Idonta ya ciko. "Yaran dai Allah bai ba ni ba. Tsakar gidan ma za a hana ni kallo? Saboda randa?"

A nan ne ya kamata ya faɗa.  Sai ya hango ta zaune a bakin rariya wata biyar, ya kuma hango idon da za ta kalle shi da shi. Wanne ya fi tsoro a cikin biyun? Ko shi bai sani ba.

"Za a yi yadda kike so," ya ce.

Ranar Laraba Inna ta tafi Gwammaja dubiyar ƙanwarta. Tana fita Mikail ya kira Ɗahiru a waya.

Ya yi wa kansa dabara, irin wadda mai tsoro yake yi. Ramin fayif ai ba ya zurfi, taƙi biyu ne. In aka kauce da taku ɗaya zuwa hagu, za a wuce lafiya, a mayar da randa kafin Inna ta dawo. Ba wanda zai ji, ba wanda zai gani.

Su biyu suka kwashe ruwan, suka mirgina randar gefe. Nana tana tsaye a bayan sabon teburinta tana murmushi, murmushin da ya daɗe bai gani ba.

"Ɗan yi hagu," in ji Mikail. "Ƙara... to, nan."

Ɗahiru ya tofa yawu a tafinsa ya ɗaga diga. "Wannan ƙasa ta sha ruwa, kamar tuwo." Ya sara sau ɗaya. Sau biyu. Ya kwashe da shebur. Gumi yana bin bayan Mikail kamar shi yake saran.

A sara na biyar aka ji ƙwas!

Ƙara ce 'yar ƙarama, ta tukunyar ƙasa. Ɗahiru ɗan cikin gari ne, a irin wannan gidan ya tashi. Ya tsaya cak da digar a hannu, ya leƙa ramin, ya dubi randar, sannan ya dubi Mikail.

"Innalillahi... Malam, akwai mutum a nan?"

Mikail bai san sanda ya zube a bakin ramin ba. Ya rufe tsagewar tukunyar da tafukansa biyu.

"Tsaya! Don girman Allah tsaya! 'Yata ce!"

 Daga lungu ana jin mai tallan kifi yana wucewa.

Takun Nana ya ji a bayansa, a hankali.

"Me ka ce?"

"Nana..."

"Wace 'yar taka?"

"Ummi ce." Bai iya ɗagowa ba. "A nan muka sa ta. Ba a kai ta ko'ina ba."

Ya jira ihu. Bai zo ba. Sai ta durƙusa a gefensa, ta janye hannayensa daga kan tukunyar, ta ɗora nata. 

"Taku goma," ta ce, kamar mai magana da kanta. "Daga ƙofar ɗakina zuwa nan, taku goma ne."

"Tsoro na ji kada in rasa ki. Inna ta ce..."

"Shekara uku ina yi wa katanga sallama!" Yanzu muryar ta fashe. "Kana zaune a gefena! Kana jina ina cewa ga Mama, ka bar ni ina yi wa 'ya'yan mutane magana, tawa tana nan ina shanya a kanta! Sau nawa na zo wurin nan da bokiti ina tsaki, Mikail? Sau nawa?"

Ba ta taɓa kama sunansa ba sai ranar.

"Ki yafe min, Nanata. Don tausayinki na yi."

"Na ji, wancan tausayi ne." Ta nuna digar da ke yashe. "Wannan fa? Ka san tana nan, ka tsaya kana cewa a yi hagu. Ruwan wanke-wankena za ka bi da shi ta kanta, don kada ka buɗe baki. Wa ka tausaya wa yau?"

 Ta tashi, ta sa hijabinta a kan kayan aikin da ke jikinta, ta fita. Ko takalmi sai a soro ta tuna da shi.

Ɗahiru ne ya mayar da ƙasar, da hannu ba da shebur ba, yana karanta Ƙulhuwallahu. Ya taya Mikail mayar da randar, ya tattara kayansa ya tafi ba sallama.

Da Inna ta dawo ta ga sabuwar ƙasa, ba ta tambayi komai ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta dubi ɗanta.

"Ni na ce ka yi shiru. Ban ce ka kawo diga ba."

Ya ɗauki bokiti zai cika randar, ta ɗaga masa hannu.

"Ajiye. Ni da kai mun gama namu. Mai wurin ta sani yanzu."

Kwana tara Nana tana gidan iyayenta a Ƙofar Dawanau. Ya je sau huɗu, ba ta fito ba. Ya kira, wayar a kashe. Fararen kabad ɗin suna tsaye da ledarsu, ramin teburin yana kallon sama. Randar ta bushe, gansakukar ta yi fari, ƙasan wurin ya fara tsagewa. Kullum da safe sai ya tsaya a kai ya ji kamar shi ne yake jin ƙishirwar.

A rana ta takwas Inna ta ɗauki sandarta, ta ce a tsayar mata da adaidaita. Ba ta ce ya raka ta ba. Da ta dawo, idonta jajir, abu ɗaya ta faɗa.

"Na gaya wa Nana kamannin 'yarta. Ni na yi mata wanka, ai ni na san su. Hancinki ne, na ce mata."

Washegari da hantsi ya ji sallama a soro. Nana ce. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta shiga kicin. Ta tsaya a bayan teburin, daidai inda kwamin zai zauna, ta ɗaga kai. Daga nan randar ce take kallonta sosai.

"A gaya wa mai famfo ya mayar da wanke-wanken jikin bango," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Teburin a toshe ramin, a bar min shi a nan. Da kujera."

"To."

"Ban ce na yafe ba."

"Na sani."

Ta fito, ta ɗauki bokitin da ya ajiye tun ranar, ta tara a famfo. Ya matsa zai karɓa, ta kauce. Ta ɗauka da kanta, ruwan yana zuba a gefen zaninta, har kusurwar. Ta buɗe faifan da ke bakin randar, ta tuttula. Busasshiyar randar ta yi wata ƙara, tana shanye ruwan.

Nana ta dafa cikin randar da tafinta. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Ummina... ga Mama. Na yi latti."

Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

 Sannan Nana ta leƙa cikin randar, ta share ido da bayan hannu, ta miƙo bokitin ta baya ba tare da ta juyo ba.

"Ko rabi ba ta yi ba. Abban Ummi, ƙaro ruwa."