Gilashin da Ya Ratsa Guguwa

La'asar ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Ruƙayyatu na bakin murhu tana tuƙa tuwo, 'yarta Ihsan kuma ta hau kan turmi da tsumma a hannu tana goge sabuwar tagar ɗakinta.

Taga ce da babu irinta duk faɗin unguwar Arawa ta Gombe, don kuwa gilashin gaban mota ne, na babbar a-kori-kurar nan mai ɗaukar buhunan masara ta hau tudu ko nishi ba ta yi ba. Tun da mijinta Rabe ya rasu ya bar mata shagon sa gilashin mota a jikin gidan, Ruƙayyatu ba ta bari dangin miji ko 'yan gareji sun ga hawayenta ba. Bakari, tsohon ma'aikacin marigayin, shi ke yanke tsohon gilas da waya, ya kankare bakin, ya zuba baƙin gam ya ɗora sabo. Ita kuwa tana kan kujerarta a bakin ƙofa tana yanke ciniki. Direbobi kan ce gara taya ta fashe maka a dokar daji da ka faɗa bakin matar Rabe.

Gilashin na motar Matiyu ne, mutumin Kaltungo, aminin Rabe. A bayan motar nan ya ɗauko gawar Rabe daga asibiti, yana tuƙi yana kuka kamar yaro. Ranar da ya zo da gilas a tsage, ya ce tsakanin Kumo da Gombe wata guguwa ta gitta masa da tsakar rana, ga kaya niƙi-niƙi, birki ba zai ci ba, sai ya ratsa ta. Ya ji ƙum kamar ya bugi ɗan akuya. Ya tsaya ya duba, babu komai a titi sai tauraron tsaga a gilas. Da Bakari ya sa masa sabo, sai ya nemi a ɗora masa tsohon a baya.

"Tsohon gilas na shago ne, Matiyu. Haka Rabe ya bari."

"Haba Maman Ihsan, kejin kajina zan rufe da shi, ruwa na dukansu."

"Kajinka su sa hula."

Ya yi dariya ya tafi. Ita kuma ta sa Bakari ya cire ruɓaɓɓen kwanon tagar Ihsan, ya yi bisimilla ya kafa gilashin.

"Inna," in ji Ihsan daga kan turmi, "wannan jan abin ya ƙi fita. Kamar a cikin tsagar yake."

"Sauko, magariba ta yi. Ba a tsayuwa a sama war haka."

Ladan ya buɗe baki ke nan, kaji suka ƙi shiga akurki, suka cure a kusurwa guda. Iska ta ɗauke cak. Sai ga dutse ya faɗo tsakiyar tukunyar tuwo, ba daga bayan katanga ba, daga sama kai tsaye, kamar an sako shi da igiya. Tuwo mai zafi ya fantsamo mata a wuya. Ta miƙe tana zagin 'ya'yan maƙwabta har kakanninsu. Na biyu ya fasa randa, ruwa ya malale ƙafafunta. Daga nan kwanon rufi ya ɗauki ƙara, dam, dam, dam, kamar ana sauke tifar tsakuwa a kansa. Ta sunkuya ta taɓa guda, ta yar da sauri. Da zafinsa kamar daga cikin wuta aka ciro shi.

Washegari haka, jibi haka. Da zarar rana ta yi ja, sai jifa. Maza suka kewaye gidan da sanduna, suka hau katanga, ba su ga ko ɓera ba, sai ma wani da ya sauko da goshi a fashe. Sannan abin ya koma shago. Ƙofa a rufe da kwaɗo, kana tsaye a waje kana jin sababbin gilasai na fashewa a kan katakonsu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙirga ƙwai. Ruƙayyatu ta tsaya tana saurare, leɓe a cije. Ta tara duwatsun a zaure, ta ce wanda ya aiko su zai zo ya kwashe kayansa.

Dukiya ce, ana iya haƙura. Amma Ihsan ta daina cin abinci. Sai a same ta tsaye ta jingina goshi da tauraron tsagar nan, tana rera wani abu can ƙasan maƙoshi, irin na mai lallashin jariri. Ranar da uwar ta kama hannunta za ta janye ta, yarinyar nan da ko bokitin ruwa sai an ɗora mata ta ɗaga Ruƙayyatu sama ta maka da bango. Bakari ya shigo da gudu, ta kafa masa haƙori a dantse, sai da ta cire tsoka. Ta dube su da fararen idanu, ta yi magana da muryar wata mace da ba ta gidan ba.

"Ina yake?"

Aka ɗauko Malam Nuruddeen daga unguwar Gabukka bayan la'asar. Dattijo ne siriri, ba shi da yawan magana. Ya sa aka kwantar da Ihsan a tabarma a tsakar gida, mata huɗu majiya ƙarfi suka danne ta, Bakari da hannunsa a naɗe ya riƙe ƙafafu. Malam ya zauna daga gefen kanta ya soma karatu. Tun yana yi a hankali har muryarsa ta cika gidan. Jikin yarinyar ya banƙare kamar baka. Duwatsu suka soma sauka kewaye da tabarmar, ɗaya ya tsaga wa Malam kunne, jini na bin wuyan rigarsa, bai ko ɗaga hannu ya shafa ba.

"Ya isa! Kana ƙona ni!"

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ɗana ya riga ni gaba, yana wasa cikin iska a kan hanya. Ƙarfe ya zo a guje. Na iso ban tarar da ko ƙashinsa ba. Jininsa na biyo, nan ya kawo ni."

Ruƙayyatu ta dubi tagar.

"Allah Ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Amma wanda ya buge shi bai gan shi ba. Ubangiji bai ba ɗan Adam idon ganinku ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ni na gani ai. Suna nake so. Matar can ta sani. Ta faɗa in bar mata 'yarta."

Kan yarinyar ya juyo a hankali har idanun suka sauka a kan uwar. Sai hannun Ihsan na hagu ya zame daga riƙon matan, ya soma murɗewa baya shi kaɗai, yana murɗewa, yana murɗewa, har aka ji ƙashi ya ce ƙas. A cikin ƙarar da ta biyo baya har da muryar Ihsan ta gaske, 'yar siririya, tana kiran Inna.

Sunan ya zo wa Ruƙayyatu har kan harshe. Gajeren suna ne, numfashi guda ya ishe shi. Ta buɗe baki.

Nan aka ji kukan inji a ƙofar gida, mai nauyi, irin na motar da ta saba da kaya. Aka danna oda, aka ɗaga murya.

"Maman Ihsan! An ce yarinya ba lafiya! Ga mota, fito da ita mu tafi asibiti!"

Jikin da ke kan tabarma ya daina motsi ɗif. Hancin ya buɗe. Muryar ta fito a hankali, kusan da daɗi.

"Na san wannan kukan."

Ruƙayyatu ba ta san lokacin da ta kai zaure ba, ba mayafi, ba takalmi. Ta sunkuya kan tarin duwatsun ta zaɓi wanda ya cika hannu biyu. Matiyu na zaune a mazaunin direba, ya buɗe ƙofa zai sauko, yana mata murmushin jaje. Ta ɗaga dutsen ta sauke shi tsakiyar sabon gilashin da ita da kanta ta sayar masa. Gilashin ya yi fari fat, ya lotsa ciki, ɓarɓashi ya watsu masa a fuska.

"Wa ya kira ka? Bar min ƙofar gida! Munafuki, maye, bar nan!"

"Maman Ihsan, ni ne fa! Matiyu ne!"

Ta ƙara masa wani a ƙofar motar. Jini na zuba daga girarsa, ya dube ta irin kallon da ba za ta manta ba har kabari. Ya ja ƙofa, ya sa giyar baya, ya fice daga layin kansa a waje ta taga don ba ya ganin gabansa.

Ta juyo ta danna sakata ke nan Ihsan ta iso, matan huɗu a zube a bayanta. Da ka ta kawo karo. Ta daki uwar a baki, haƙora biyu suka zube, ta shaƙe ta da hannun da ya rage tana buga ƙeyarta da ƙofar. Malam ya biyo yana karatu da ƙarfi a kunnen yarinyar, Bakari ya rungumo ta ta baya, da ƙyar suka ɓamɓare ta.

"Ya tafi, amma na ji shi," in ji muryar tana dariya. "Ko ba suna zan same shi."

Ruƙayyatu ta tofar da jini. Mai ciniki ya san abu guda: abin da mai saye ke kauce wa taɓawa, shi ya zo saye. An fasa mata randa, an fasa tukwane, an gama da shago kaf, amma ko tsakuwa ba ta taɓa gilashin tagar nan ba. Ta ratsa tsakar gida tana tangaɗi, ta ɗauki taɓarya, ta tsaya gaban tagar ta ɗaga.

"Hajiya, ba a ciniki da su," in ji Malam.

"Malam, yi karatunka, bar min nawa." Ta dubi fararen idanun. "Ke baiwar Allah. Abin da ya rage miki na ɗanki yana cikin nan, kuma da bisimilla aka kafa shi, da kina iya ɗauka da tuni kin ɗauka. Wallahi kika bi mutumin nan, ko kika ƙara taɓa min 'ya, sai na daka shi ya zama gari na zuba a masai."

Ƙarar da ta fito daga bakin Ihsan ta sa kajin unguwa kaf suka ɗauki kuka.

"Ba ki da imani! Ke ba uwa ba ce?"

"Uwa ce, shi ya sa."

"Bar min idon yarinyar guda, mu rabu."

Ruƙayyatu ta ƙara ɗaga taɓaryar.

"To ƙafar direban. Ƙafa kawai, wadda ta taka."

"Ko farcensa. Ki ɗauki ɗanki ki tafi, ko ki rasa shi sau biyu."

Rana ta faɗa bayan katanga, sai jan haskenta a jikin gilashin. Sannan aka ji kuka, ba na fushi ba, kukan mace da ta gaji. Ruƙayyatu ba ta sauke taɓaryar ba.

"Akwai wata kuka gefen hanya, kafin a shiga Kumo. A binne min gilashin a gindinta. Kada a karya shi."

"Da hannuna zan kai shi."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda Ya halicci mutum da aljan cewa ta bar yarinyar, ta bar gidan, ta bar direban da zuriyarsa. Ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar Ihsan ta hagu ta yi karkarwa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta buɗe idanu baƙaƙe irin nata, ta ce, "Inna, hannuna." Sai a lokacin taɓaryar ta faɗi.

Da safe Bakari ya zare gilashin a hankali, ko ƙwarzane bai ƙara masa ba. Ba wanda ya ce ta yi, amma Ruƙayyatu ta buɗe akwati ta ciro farin yadi sabo ta naɗe shi, ta rungume shi a cinya a bayan motar haya har gindin kukar. Ita ta zuba ƙasar farko. Bakari ya ce ya ga bakinta na motsi, bai ji me ta ce ba.

Mai ɗori ya ɗaure hannun Ihsan, ya warke da ɗan karkata. Jifa ya ɗauke. Matiyu kuwa bai sake takowa layin ba. Unguwa ta yi ta magana, kowa da fassararsa, wasu ma fassarar ba ta da daɗin ji. Bakari ya roƙe ta ta bari ya je ya yi masa bayani.

"Ka ce masa me? Mutumin da ke taka birki don ɗan tsako ya tsallaka, ka je ka ce masa ya kashe yaro? Bar shi ya ce mahaukaciya ce. Ya fi sauƙin ɗauka."

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa, tana kan kujerarta sai ga motar ta biyo babban titi, buhunan wake har sama. Bai waiwayo ba. Ta ƙanƙance ido tana duban gilashin da aka sa masa a wani wurin.

"Bakari, dubi aikin banza. A karkace suka ɗora, gam ɗin ma bai kai kusurwa ba. Ruwan farko zai jiƙa masa gwiwa."

Ta miƙe tsaye, hannu a kan ƙugu, ta bi motar da ido har ta sha kwana lafiya.