Faifan Sanda a Bayan Tanderu

Mariamu ta zaro faifan garmahon daga bayan tanderun burodi. Ya lanƙwashe kamar busasshiyar fata.

"Wayyo Allah! Baiwa, dubi yadda zafi ya yi masa!"

Baiwa, ƙawarta ta maƙwabta, ta kama baki. "Ikon Allah... ashe ba sa son wuta?"

Ƙarya take yi. An taɓa yin garmaho a gidansu, ta san faifai ba ya shiri da zafi, kuma ita ce ta nuna wa Mariamu maɓoyar.

Faifan na Sanda ne, saurayin da ke rako shanu a jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Agege ta Legas. Tun shekarar da naira ta fito suke musayar faifai. Ya kawo mata waƙar Arewa da ta fi kwanta masa, ita kuma ta zaɓo masa ta Yarabawa, ta fassara masa. A gidan goggonta take saurare, don yayanta Bature, mai gidan burodin, ya rantse sai ya fasa duk faifan da ya gani.

"Mai bin shanu da kiɗa ba miji ba ne!" Kullum abin da yake faɗi ke nan.

A zuwansa na ƙarshe Sanda ya miƙa mata wannan, kansa a ƙasa.

"Hasken idona, abin da bakina ya kasa faɗi yana ciki. In kin yarda, ki riƙe. In ya dawo hannuna, na ji amsa."

Goggo kuwa ta yi tafiya, ɗakinta a kulle. Mariamu ta ɓoye shi ba ta ji ko baiti ɗaya ba.

"Daina kuka," in ji Baiwa. "Kawo in kai wa mai gyara a Mushin."

Ba Mushin ta je ba. Zangon shanu ta nufa, ta ajiye shi a gaban Sanda.

"Ta ce ga amsarka."

Jirgi ya zo ya koma, ya sake zuwa. Duk lokacin da jirgin ya yi kuka, Mariamu sai ta leƙa ƙofa. Babu Sanda. Da ta aika an tambaye shi, da magana ta ƙare, amma ta zauna tana jiran namiji ya fara. Shi ma ya haɗiye fushinsa bai bincika ba. Wauta ce, dukansu biyu.

Ranar da aka shigo gidansu da goro da alewa na ɗaurin auren Sanda da Baiwa, Mariamu ta gane inda faifan ya je, ta yafa mayafi ta tafi zango da rana tsaka.

"Sanda, ban aiko kowa ba! Zafin tanderu ne... wallahi ko sau ɗaya ban ji shi ba!"

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa.

"Mariamu... an riga an shafa fatiha."

"Na sani. Ba shi ya kawo ni ba. Gaya mini kawai, wace waƙa ce?"

Ya buɗe baki, har ya ja sautin farko a maƙogwaro. Sai ya fasa, ya juya wajen shanunsa.

"Ki yafe ni. Yanzu bai halatta in rera miki ita ba."