Jarin Ma'u

"Shekara uku fa ka ce, Malam. Shekara uku..."

Modu bai ɗago ya dubi matarsa ba. Ya dawo daga Kasuwar Kurmi tun kafin la'asar, abin da bai saba ba, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana ta murza hularsa. Ma'u na tsaye a kansa, mazarin da take kaɗi da shi yana hannunta. Maganar da ya zo da ita ita ce, bayan ƙaramar salla zai bi wasu fataken goro zuwa Kumasi, ya yi ƙwadago a can har ya tara kuɗin keken ɗinki nasa na kansa.

Shekara tara Modu yana taka keken ubangidansa, Alhaji Mailafiya. Tun yana saurayi Alhaji ya yi masa alkawari, ran da hannunsa ya faɗa zai sallame shi da keke da ɗan jari. Yau da ya tuna masa, sai Alhaji ya ce gyaɗa ba ta yi kuɗi ba bana, a ƙara haƙuri. Haka ya ce bara, haka ya ce bara waccan.

Ba kuma zama Modu ya yi ba. Ya je wurin wani mai ba da bashi, mutumin ya ce fam ashirin a biya talatin, sannan a jinginar masa da gidansu na Madabo, inda mahaifiyarsa Inna Yagana ta tsufa. Modu ya nemi tsari da kuɗin ruwa ya taso. Adashen da Ma'u ke zubawa da kuɗin zare kuwa, ko ta kwasa ba ya wuce fam biyu. Keken ƙafa, ko wanda aka taɓa aiki da shi, fam ashirin da biyar ne.

Ma'u ta ajiye mazarin ta durƙusa a gabansa. Ta tuna masa cewa ita ba marar komai ba ce. Ran sunanta mahaifinta ya ba ta karsana, karsanar nan ta hayayyafa, yanzu shanunta huɗu a garken gidansu, a hannun yayanta Jafaru tun rasuwar mahaifin nasu. A sayar da biyu, keke ya samu.

Sai a lokacin ya ɗago.

"Ma'u, sanyin idona, kin san babu abin da ba zan yi miki ba. Amma wannan kam a'a. In zauna a Kurmi a riƙa nuna ni, ana cewa ga mijin-ta-ce, wanda matarsa ta saya wa sana'a?"

"Su mutanen Kurmin za su taya ni zaman shekara ukun?"

Ya ɗauki buta ya fita.

Inna Yagana ta ji komai daga inda take tsince shinkafa. Washegari Ma'u ta nemi iznin zuwa Gwammaja gaida yayanta, Modu kuma ya ba ta ba tare da ya tambayi dalili ba. Tsohuwar ta ɗauko mayafinta ta ce za ta raka ta. A hanya take gaya mata cewa uban Modu ma da haka ya tafi neman jari, ya ce damina biyu zai yi. Rigarsa kaɗai aka kawo mata.

Jafaru dillalin shanu ne, dogo, mai ƙarancin magana. Tun farko bai so auren ba, don a ganinsa namijin da ba shi da ko ɗan maraƙi bai tsaya da ƙafarsa ba. Amma da ya ga ƙanwarsa ta kafe a kan telan nan, shi da kansa ya yi mata kayan ɗaki na fita kunya. Ya karɓe su da fara'a, aka kai Inna ɗakin matarsa, aka kawo mata fura. Da Ma'u ta faɗi abin da ke tafe da ita, fara'ar ta ɗauke.

Ya ce garken mahaifinsu ba a taɓa yanka shi ba, ko a shekarar yunwa. Ya ce saniya haihuwa take yi, ƙarfe kuwa tsatsa yake yi. Sannan ya kawo mata zancen gwaggonsu Habiba, wadda ta kwashe tasoshinta ta sayar ta ba miji jari, da ya yi kuɗi ya miƙa mata takarda, ta dawo gida daga ita sai zanen jikinta.

"Shanun nan su ne bangonki," in ji shi. "In auren ya ƙi, da me za ki jingina?"

Ma'u ta san gaskiya yake faɗa mata, kuma don ƙauna yake faɗa. Wannan ya fi yi mata ciwo. Ba ta taɓa haɗa ido da shi ba tun tana yarinya, amma ran nan ta ɗaga kai.

"Yaya, shanun nawa ne ko naka?"

"Naki ne. Ni ke riƙe miki."

"To na gode da riƙo. Biyu nake so a sayar. In ka ƙi, zan nemi wanda zai raba mu, ko da gaban alƙali ne."

Jafaru ya daɗe yana kallonta. A danginsu ba a taɓa jin ƙanwa ta ambaci alƙali ga yayanta ba. Ya ce ba sai an kai ga haka ba, ran kasuwa zai sayar, kuɗinta zai iske ta ko sisi bai yi ciwon kai ba. Amma tunda ta zaɓa, kada ta ƙara taka zauren nan.

Ta riƙe hawayenta har suka bar unguwar. A gindin Dala ya ƙwace mata, Inna ta ja ta gefen wata katanga ta tsaya da ita har ta gama.

Kwana shida bayan haka kuɗin ya zo a ƙulle cikin ƙyalle, fam ashirin da bakwai, babu gaisuwa tare da shi. Inna Yagana ce ta yi cinikin keken, wurin matar wani tela da ya rasu. Da Modu ya dawo da yamma sai ya tarar da keke a tsakar gida, baƙi, yana sheƙi, Ma'u na zaune a gefensa tana goge shi.

Ya tsaya cak. Ransa ya ɓaci, ya ce ai ya faɗa mata ba zai karɓa ba.

"Wa ya ce ba ka zan yi?" in ji Ma'u. "Kekena ne. Da yayana na saye shi, ba da shanu kaɗai ba. Tela nake nema wanda zai hau, ya kama rumfa da sauran fam biyun, abin da aka samu a raba biyu, rabi nawa rabi nasa. A kira liman da maƙwabcinmu su shaida. In kai ne, na fi kowa murna. In kuwa Kumasi ta fi maka, Allah ya kiyaye hanya, teloli ba su ƙare a Kano ba."

Ba ta sunkuyar da kai ba.

Modu ya tambayi abin da take nufi da ta ce da yayanta ta saya. Inna ce ta ba shi labarin Gwammaja, ba ta rage komai ba. Aka fara kiran magariba. Sannan ya matso ya ɗora ƙafa a kan matakin, ya taka sau ɗaya, ya karkata kunne yana sauraro.

"Yana son mai," ya ce a hankali. Ya dube ta, idanunsa sun kaɗa. "Kin rasa gida saboda ni, Ma'una..."

"Ban rasa ba tukuna. Kai dai ka taka."

Mutanen Kurmi sun yi maganarsu. Wasu har da kiransa yaron Ma'u, shi kuma ya koyi amsawa da cewa ya yi wa namiji aiki shekara tara bai ga rabi ba. Wata biyu na farko da ƙyar suke samun na cefane, don masu ɗinki sun saba da rumfar Alhaji. Daga baya aikin hannunsa ya riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya. Ma'u ta aika gaisuwa Gwammaja sau uku, ba amsa. Babbar salla ta zo ta wuce, a karo na farko ba ta ci naman gidansu ba.

Sai ana sauran kwana goma ƙaramar salla ta zagayo, Modu ya shigo gida da sauri, ko takalmi bai cire daidai ba. Ya ce yau Jafaru ya tsaya a rumfarsa. Ya ajiye farin yadi ya ce riga da wando, ya zagaya keken yana dubawa kamar mai taya sa a kasuwar shanu, bai tambayi kowa ba.

Ma'u ta dafe ƙirji. Modu ya ci gaba.

"Na ce masa ya bar kuɗin ɗinki. Sai ya harare ni ya ce, wa ya ba ni ikon yin kyauta da rabon mai keke? Ya biya cif. Da zai tafi ya ce in gaya wa mai keken, ran salla akwai tuwo a Gwammaja, kuma ta taho da telanta."

Ta rufe fuska da gefen zane, tana kuka tana dariya. Modu ya durƙusa ya riƙo hannunta.

"Allah ya taimake ka da ya biya," ta ce cikin hawaye. "Da daga rabonka zan cire."